Mutum Ɗaya, Riguna Da Yawa

Akwai wani wasan kwamfuta mai suna Democracy, na kamfanin Positech da ke Ingila. A cikinsa kai ne shugaban ƙasa: ka ƙara haraji, ka gina hanyoyi, ka rage kuɗin asibiti, sannan ka jira ranar zaɓe. An kasa masu ƙuri'a rukuni-rukuni: manoma, masu addini, ƴan ƙwadago, iyaye, ƴan fansho, masu kishin ƙasa. Abin da ya fi burge ni shi ne mutum guda yana shiga rukuni da yawa lokaci ɗaya. Manomi ne, uba ne, kuma mai addini ne. In ka faranta masa ta nan, kana iya ɓata masa ta can.

To, a ce mai tsara wasan yana so ya saka kishin yanki, wato mutanen wani sashe masu neman cin gashin kansu ko ɓallewa. Yaya zai yi?

Hanya mai sauƙi ita ce ya zana akwati ya ce duk wanda aka haifa a yankin nan ɗan aware ne. Ni dai ina ganin wannan ƙarya ce, kuma zalunci ne. A ƙuri'ar raba-gardama ta Sikotland a 2014, kashi 55 cikin 100 sun zaɓi zama cikin Birtaniya, kashi 45 suka zaɓi fita. A Kebek ta Kanada, a 1995, masu cewa a'a sun yi nasara da ƙyar, ba su kai kashi 51 ba. Kun ga yanki ɗaya ne, amma ra'ayi ya rabu, har cikin gida guda.

Wani zai ce: ai wasa ne kawai, dole a sauƙaƙa. Gaskiya ne, babu wasan da zai ɗauki duniya dukanta. Amma wasa malami ne. Matashin da ya kwana yana sayen zuciyar "yanki" da alkawari, gobe in ya samu kujera haka zai kalli mutane: garke, ba ƴan ƙasa ba. Tsarin mulkinmu na 2010, lokacin da yake aiki, ya haramta jam'iyyun ƙabilanci da na yanki, amma doka ba ta goge akwatin da ke cikin kai.

Abin da ya dace, a ganina, a yi kishin yanki kamar zazzaɓi mai hawa da sauka. In gwamnati ta mance da yanki, babu hanya, babu makaranta, ana raina harshensu, ya hau. In aka yi adalci, ya sauka. Ta haka mai wasa zai daina tambayar su wane ne waɗannan mutane, ya koma tambayar me aka yi musu. Tambaya ta biyun ce ke sa shugaba ya duba aikinsa.