Gumi Zai Iya Biyan Bashin Kwaɗayi?

Karatu: 1 Korintiyawa 6:19-20; Romawa 6:1-2

Hausawan da suka fara zama a ƙasar Sudan da ƙafa suka isa can, wasu a kan hanyar Makka, wasu kuma bayan yaƙin Burmi na shekarar 1903. Har wa yau ana sayar da tsiren da suka kai, sunansa agashe. Kafin yaƙi ya ɓarke a watan Afrilu 2023, wanda ya shiga Suk al-Shabi, a Umdurman ko a Khartum, zai ga mutane iri biyu: ɗan dako da ke yini yana kai da kawowa, da mai shago da ke zaune tun safe yana shan shayi mai sukari da soyayyen abinci. Abincinsu kusan ɗaya ne, amma jikinsu ba ya karɓarsa daidai.

Allah ya yi jijiyoyin jini da laushi, suna buɗewa suna komawa duk lokacin da zuciya ta buga, wajen sau 100,000 a rana. Yawan gishiri da sukari da maiƙo yakan taurarar da su a hankali, ba tare da ciwo ba. Daga nan sai hawan jini, sai shanyewar ɓarin jiki ko ciwon ƙoda. Tafiya da sauri tana sa jini ya gudana sosai, bangon jijiya ya saki, taurin ya ragu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba babba shawarar motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, gishiri kuma ƙasa da giram 5 a rana.

To, ga tambaya. Tun da motsa jiki yana rage ɓarna, sai ka ci abin da ka ga dama, ka biya da gumi? A'a. Yana ragewa, amma ba ya shafe ta duka. Mai zuba ruwa a tulun da ke yoyo, ko bai huta ba, tulun ba zai cika ba.

Haka muke yi wa Ubangiji sau da yawa. Mu riƙe zunubin da muke ƙauna, mu ƙara baiko da zuwa sujada, muna tsammani ɗaya zai biya ɗaya. Manzo Bulus ya ƙi wannan lissafi. Jikinka haikali ne da aka ba ka amana, kuma akwai waɗanda ke ci daga ƙarfinka. Zuciya ma, kamar jijiya, ba ta taurarewa rana ɗaya.

Yau ka rage gishiri a miya, ka taka zuwa kasuwa, ka je a auna jininka. Ka kuma tuba daga abin da ka daɗe kana ba shi uzuri.

Addu'a: Ya Uba, ka ba ni kamun kai, ka tausasa zuciyata. Ka ji ƙan mutanen Sudan, ka ba su salama. Cikin sunan Yesu, Amin.