Haƙƙin Mai Kiwo a Baitulmali

A watan Yuni na shekarar 2023, sa'ad da ciwon saifa ya ɓulla a Binduri, maƙwabciyar Bawku, har ya yi ajalin mutum, hukuma daga Bolgatanga ta hana yanka da ciniki da zirga-zirgar shanu da tumaki da awaki na wata guda, ga kuwa Babbar Salla ta ƙarato, lokacin da mai kiwo a Pusiga yake sa ran fanshe wahalar shekara. Babu mai hankalin da zai zargi wannan hani, domin a wurin malaman usulu kiyaye rai yana gaba da kiyaye dukiya. Amma mutumin da ya yi wata shida yana ɗura wa rago dusa da harawa da kanwa, sa'an nan aka rufe masa kara saboda maslahar jama'a, shin hasarar tasa ce shi kaɗai?

Wasu sukan ce musiba ƙaddara ce, mumini kuwa haƙuri ya kamace shi, ba miƙa hannu ga gwamnati ba. Haƙuri wajibi ne, babu ja. Sai dai hukumar da ta san ƙofar garke ranar karɓar jangali da kuɗin kara, ba ta da hujjar ɓatan hanya ranar annoba, kuma abin da za ta bayar haƙƙi ne, ba alfarma ba. Allurar rigakafin da aka yi kyauta ta sauke wani sashe na nauyin, amma allura ba ta cika rumbu.

Inda mas'alar ta yi zurfi shi ne wajen rabo. Masu lissafi sun fi son a biya bisa yawan kawuna, wato mai saniya ɗari biyu ya kwashi rabo ɗari biyu, bazawara mai akuya huɗu ta tashi da abin da bai kai kuɗin motar zuwa Bawku ba. Alhali a ƙarshen Muwaɗɗa ta Imamu Malik, wadda magabata suka karanta a zaurukan Salaga da Yendi, an ruwaito cewa Sayyidina Umar, Allah ya yarda da shi, da ya naɗa Hunayyu a kan makiyayar da aka keɓe, ya umurce shi ya shigar da mai 'yan raƙuma da 'yan tumaki, ya nisantar da garkunan Ibn Aufu da Ibn Affana, saboda su in dabbobinsu sun halaka suna da gonaki da dabino, shi kuwa talaka sai ya zo da 'ya'yansa ƙofar halifa. Dubi fa, manyan Sahabbai ne aka jinkirtar, ba don wani laifi ba, sai don suna da madogara.

Saboda haka, duk ranar da za a rubuta sunayen masu karɓar agaji a Pusiga, muna roƙon sarakuna da limamai da ma'aikatan majalisa su fara da gidan da ba shi da komai bayan turke.