Wane ne Ke Tashi Bayan Faɗuwa?

A 1985 Steve Jobs ya bar kamfanin Apple, wanda da shi aka kafa, bayan hukumar gudanarwa ta ƙwace ikon da ke hannunsa. Ya kafa NeXT, ya sayi kamfanin da ya zama Pixar a 1986, kuma a 1997 ya dawo ya karɓi ragamar Apple yana dab da durƙushewa. Masu wa'azin kasuwanci na son wannan labari, suna cewa kowace faɗuwa alheri ce a ɓoye, har wasu kan jingina maganar ga ƙaddara. A ganina wannan karatun baibai ne. Jobs ya fita da miliyoyin daloli bayan ya sayar da hannun jarinsa, don haka ya iya shafe shekaru NeXT na tafka asara ba tare da tukunyar gidansa ta daina tafasa ba.

Mu dawo Kadawa a Garun Mallam ta jihar Kano, inda ruwan madatsar Tiga ke ciyar da noman rani har Kura da Bunkure. A 2016 aka buɗe masana'antar sarrafa tumatir ta Dangote, a shekarar kuma tsutsar Tuta absoluta ta cinye gonaki. Masana'antar ta tsaya, ta sake buɗewa a 2019, domin masu ita na da ƙarfin jira. Manomin da ya ci bashin taki da iri bai da wannan ƙarfi. Annoba ɗaya ce ta same su, amma wanda ya sayar da gona ya biya bashi ba ya cikin labarin dawowa, kuma ba don imaninsa ya gaza ba.

Za a ce ai fatan cewa kowace faɗuwa alheri ce a ɓoye shi ke hana mutum yanke ƙauna, kuma yanke ƙauna daga rahamar Allah haramun ne. Gaskiya ne. Sai dai imani da ƙaddara bai yi wa kowa alkawarin mayar masa da dukiyarsa a duniya ba. Abin da ya tabbatar shi ne ladan haƙuri. Shari'a ma ba ta bar wanda ya karye da lallashi kawai ba: aya ta 60 a Suratut Tauba ta sa waɗanda bashi ya danne cikin mutum takwas masu cin zakka. Ke nan jarin da ya tayar da Jobs, a wurin manomin Kadawa haƙƙi ne da ke wuyan mawadatan Kano.