Ɗana, Kafin Ka Ajiye Sabar

Ɗana, tunda Allah ya buɗa maka har ma'aikata sun cika ofis, na san ka gaji da yawo da filas daga wannan tebur zuwa wancan. Rasit yana kwamfutar akanta, lissafin kaya yana ta mai sito, takardar kwangila kuma tana wayar wanda ya tafi hutu. An ba ka shawarar ka ajiye sabar, kwamfuta guda da za ta riƙe komai, kowa ya shiga daga mazauninsa ba sai an bi ta intanet ba. Shawarar ta yi. Amma ga masu shawarar sun rabu biyu: wasu sun ce ka ɗora Windows Server, wasu sun ce Linux kyauta ce, me zai sa ka biya? Dukkansu kuɗin ranar saye suke lissafa maka, alhali na'urar shekara biyar ko fiye za ka zauna da ita.

Mu fara da ta kuɗin. Farashin da Microsoft ya sa wa Windows Server 2022, nau'in Standard, dala 1,069 ne. Wannan kuɗin babbar manhajar ne kawai. Kowane ma'aikaci, ko kowace na'ura da za ta shiga sabar ɗin, sai an yanka mata wani lasisi daban da ake kira CAL, kuma duk ranar da ka ƙara ma'aikaci ka ƙara kuɗi. Mai tallar ba ya fara ambaton wannan, sai ciniki ya faɗa. Akwai nau'in Essentials da aka yi don ƙananan kamfanoni, kusan dala 500, ba ya buƙatar CAL, amma iyakarsa mutum 25 da na'ura 50, kuma tare da sabuwar sabar ake sayar da shi. Kar ka manta da dala ake maganar nan. A farkon 2023 dala a farashin gwamnati ba ta kai naira 500 ba. A Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Wanda ya yi kasafi kafin a saki naira ya ga abin da ya gani.

A nan ne wani yaro mai gyaran kwamfuta zai matso ya rage murya, ya ce yana da wadda aka fasa, kuɗin shayi kawai za ka ba shi. Ka ce masa Allah ya ba da haƙuri. Haƙƙin wani ne, wannan ɗaya. Na biyu, ba ka san abin da mai fasawar ya cusa a ciki ba, kuma sau da yawa akan toshe hanyar sabuntawa don kada asiri ya tonu. A watan Mayun 2017 wata ƙwayar cuta mai suna WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe sama da 150 tana neman kuɗin fansa, har asibitocin Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. Ta ƙofar raba fayil ta shiga, irin wadda kake shirin buɗewa a ofishinka. Microsoft kuwa tun watan Maris ya fitar da facin da ke toshe ramin. Waɗanda ba su saka ba su ta ci.

Linux fa, ba ƙarya aka yi maka ba. Tun da Linus Torvalds ya fara ta a 1991 yana ɗalibi a Helsinki, ba a sayar da izinin amfani da ita. Ka sauke Debian ko Ubuntu, ka ɗora a kan sabar goma in ka ga dama, ma'aikata ɗari su shiga, babu mai tambayarka sisi. Ubuntu, wadda kamfanin Mark Shuttleworth ɗan Afirka ta Kudu ya fara fitarwa a 2004, tana da bugu mai dogon zango duk bayan shekara biyu a watan Afrilu, kuma ana ba shi facin tsaro na shekara biyar kyauta. In ka haɗa ta da manhajar Samba, kwamfutocin Windows da ke ofishinka za su ga fayilolinsu kamar yadda suka saba, akantanka ma ba zai san an canza komai ba.

Sai dai wanda aka ba kyautar doki, harawa da ɗan barga suna wuyansa. Tambayar da nake so ka fi daɗewa a kanta ita ce: wa zai riƙe ta? Yawanci yadda abin ke faruwa, ɗan bautar ƙasa ne mai ƙwazo zai zo ya haɗa komai cikin mako guda, kowa ya yaba. Shekara ta zagayo ya karɓi takardarsa ya koma garinsu. Wata safiya sabar ta ƙi tashi, baƙin allo da farin rubutu, masu gyaran unguwa su zo su leƙa su ce su dai Windows suka sani. Ga kwastomomi a bakin kanta, ga rasit ba ya fita. Cinikin kwana biyu da ka rasa zai iya fin lasisin da ka yi murnar tsallakewa. Don haka kafin ka zaɓi Linux, ka tabbata akwai mutum biyu a garinku, ba ɗaya ba, da za su iya zuwa cikin yini, kuma ka ji nawa suke karɓa a wata. In akwai su, ka ɗauke ta hankali kwance, ni ma ita zan zaɓar maka.

Kyautar ma akan janye ta. Kamfanoni da dama sun dogara da CentOS 8, wani nau'in Linux na kyauta, bisa alkawarin za a kula da ita har 2029. A Disambar 2020 kamfanin Red Hat mai kula da ita, wanda IBM ya saye a 2019 kan dala biliyan 34, ya sanar cewa ƙarshen 2021 za a rufe ta. Mutane suka yi ta ƙaura zuwa Rocky Linux da AlmaLinux ba shiri.

Wani lokacin ma gardamar ba ta taso ba. In manhajar lissafinka irin su Sage 50 ce, wadda tsofaffin akantoci har yau ke kira Peachtree, to a kan Windows take aiki, ita ta yanke hukunci. In kuma raba fayil kawai kake so tsakanin mutum shida ko takwas, Windows ta gama-gari tana yarda na'urori har 20 su shiga, ko ka sayi ƙaramin akwatin ajiya irin na Synology da ke zuwa da manhajarsa. Ba kowane shago ne ke buƙatar abin da banki ke buƙata ba, ko da mai sayarwa ya rantse.

Ga kuɗin da babu wanda ya sa maka a takarda: wuta. Tsohuwar sabar ta gwanjo da ke jan wat 200 dare da rana tana cin yunit 144 a wata. A farashin naira 225 da aka sa wa masu wutar rukunin A a Afrilun 2024, ya haura naira dubu 32 ke nan, ban da man janareta, ban da sanyaya ɗakin a watan Afrilu, ban da ƙurar hunturu da ke toshe fankokinta. Ƙaramar kwamfuta mai jan wat 20 za ta yi wa ofis irin naka aikin, kuma inbata da sola za su ɗauke ta ba wahala. Ɗaukewar wuta ana tsakiyar rubuta bayanai tana lalata su, ko wace manhaja ce a kai, saboda haka batirin riƙe wuta dole ne. Irin waɗannan sabar na gwanjo kuma sukan zo da Windows Server 2012 R2 a kansu, a ce maka ka samu garaɓasa. An daina ba ta faci tun Oktoban 2023. Ta 2016 ma wa'adinta Janairun 2027 ne.

Duk wadda ka zaɓa, ɗana, bayananka su zama kwafi uku, ɗaya a wajen ginin, domin gobara da ɓarawo na'urar gaba ɗaya suke tafiya da ita. Faifai biyu masu kwafar juna a cikin sabar ba ajiya ba ne. In wani ya goge fayil bisa kuskure, a duka biyun ya goge. Kowane wata ka sa a dawo da fayil guda daga ajiyar a gabanka, ka buɗe shi da idonka. Babbar kalmar sirri kuwa a hannunka za ta zauna, a rubuce, cikin ambulan a inda kake ajiye takardun fili. Mai haɗa maka ya rubuta abin da ya yi a shafi biyu, da harshen da wani injiniya zai gane, da ranar da facin manhajar zai ƙare. Sai ya miƙa maka wannan takardar za ka cika masa ragowar kuɗinsa.