Tayil ɗin bai tsere ba, ɗana

Ɗana, na ga hotunan da ka turo mini, kala uku na tayil, kana tambaya wanne ya fi dacewa da falo. Da gangan na yi shiru. Tun watan jiya nake tambayarka takardun filin nan kana ce mini "Baffa, komai lafiya lau." To, ni dai ban ga lafiyar ba tukuna. Mahaifiyarka ta ce abin da ke hannunka takardar ciniki ce guda, mai sa hannun dillali da mai unguwa da shaidu biyu.

Ban raina takardar ba, shaida ce cewa ka biya kuɗi. Amma filin awon igiya ka saya, kuma igiya tana miƙewa gwargwadon wanda ya riƙe ta. Tun Dokar Amfani da Filaye ta 1978, ƙasar cikin birni amana ce a hannun gwamna, shi ke ba da takardar shaidar mallaka, wadda ake kira C of O, yawanci ta shekara 99. Hanyar samunta tana farawa da safiyo mai rajista: ya zo da na'urarsa ya auna, ya kafa alamomin siminti a kusurwoyi huɗu, ya fitar da taswira. Daga nan ka je KANGIS, hukumar bayanan filaye ta Kano, a duba ko wurin bai faɗa cikin hanya ba, ko filin makaranta, ko wani bai riga ka yi masa rajista ba.

Wani abokina, Allah ya ji ƙansa, ya taɓa gina katanga a kan layin da dillali ya ja masa da ƙafa. Shekara shida ba wanda ya ce uffan. Ranar da maƙwabcinsa ya tashi gini ya kawo safiyo, sai ga shi abokin nawa ya ci ƙafa uku na filin mutane, tun daga ƙofa har baya, kuma banɗakinsa ne zaune a kai. Ina tsaye aka sa guduma. Ba kuɗin bulon ne ya dame shi ba, gaisuwar da ta mutu tsakanin gidajen biyu ce.

Ka tambaye ni ko sai da izini. Don sa tayil a ɗaki ba wanda zai nemi takarda a wurinka. Amma shagon nan biyu da kake son fitarwa a gaban gida, da benen da kake mafarki, sai KNUPDA, hukumar tsara birane ta Kano, ta amince da zanen. Kai ma kana gari a 2023 lokacin da aka yi ta rusau, kuma ka san ma'anar jan fenti a jikin bango. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Yanzu mai tayil. Wanda ka samo, an ce ya fi kowa araha kuma yana son rabin kuɗinsa kafin ya taɓa komai. Ka je ka ga aikin da ya yi shekara biyu da suka wuce, ba na makon jiya ba. Ka ɗauki mukulli ka ƙwanƙwasa tayil ɗin ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya yi ƙara kamar ganga, ƙarƙashinsa rami ne, siminti aka ɗiɗɗiga masa a kusurwoyi, kuma ƙafar gado ce ajalinsa. Ka shiga banɗakin ka zuba bokitin ruwa. In ya nufi rariya, mutumin ya iya aiki. In ya kwanta a tsakiya ko ya nufo ƙofa, ka yi masa sallama.

Ku yi jinga a rubuce, da murabba'in mita, ba "ɗaki nawa" ba. Ka ba shi kafin alƙalami kaɗan, sauran ɗaki-ɗaki, bayan ka duba. Kayan kuwa ka je Ƙofar Ruwa da ƙafarka. Tayil mai 60 da 60 guda huɗu ne a kwali, wato murabba'in mita 1.44, ka auna ɗakunanka, ka ƙara kashi goma cikin ɗari saboda yanka da fashewa, ka saya lokaci guda, don kalar da za ka samu bayan wata uku ba lallai ta zo daidai ba. Kuma a bar daɓen ƙasa ya bushe sosai. Kakarka, lokacin da mata ke taruwa yin daɓe da madaɓi, ana yayyafa makuba, ba ta bari yaro ya taka sai ta gamsu. Su da ƙasa suke aiki ma sun san haƙuri, balle kai mai siminti.

Mai ƙyallin nan da ya fi burge ka, kada ya je banɗaki ko wurin alwala. Mahaifiyarka ta haura saba'in, santsi ɗaya ya ishe ta.

Ranar Litinin ka zo da takardar cinikin, mu je wurin safiyo tare. Launin kuwa, tunda ka matsa, ɗauki ruwan ƙasan nan, ba ya nuna ƙurar hunturu.