Ganyen Albasa da Zoben Cikinta

Irin albasa baƙi ne, ƙanƙane, mai kusurwa-kusurwa. In ya zube a ƙasa sai an sunkuya sosai kafin a gan shi. Idan damina ta fara ja da baya, manoman Aliero da na fadamun Jega da Maiyama sukan ware ɗan wuri kusa da ruwa, su farfasa ƙasar ta yi laushi, su cakuɗa ta da ruɓaɓɓen taki, su yafa irin, sannan su lulluɓe da busasshiyar ciyawa don kada rana ta ƙona shi ko ruwa ya kwashe shi. Nan ne wurin raino. Bayan mako guda ko kwana goma tsiron zai leƙo, kuma fitowarsa abin kallo ce. A ninke yake ɓullowa, kansa na cikin ƙasa tukuna, sai daga baya ya zaro kan ya miƙe, sau da yawa da baƙin ɓawon irin maƙale a tsininsa. Siririn zare ne kore, wanda ruwan da aka kwarara da ƙarfi zai iya kwantar da shi. Duk albasar da ake jibgawa a tirela a kasuwar Aliero, za a nufi Legas ko ƙasashen maƙwabta da ita, daga wannan zaren ta taso.

Saiwar albasa gajera ce. Yawancinta ba ta nitsawa fiye da santimita 30, don haka ba ta iya bin ruwa can ƙasa yadda dawa take yi. Abin da aka kawo mata kusa, shi ne nata. Shi ya sa ban ruwanta kaɗan-kaɗan ne, akai-akai. Wanda ya malale fangali sau ɗaya ya tafi sai bayan kwana goma, ya yi ɓarna biyu: ranar farko saiwa ta shaƙe, sauran kwanakin ta bushe. Ganyenta kuma a tsaye yake, ba ya yin inuwar da za ta danne ciyawa, sai an bi da hannu ana tsincewa. Bayan mako shida ko bakwai, tsiron ya yi ganye uku ko huɗu, sai a yi dashe. Manomin da ya san aikinsa yakan jiƙa wurin rainon kafin ya cire, don kada saiwa ta tsinke, ya dasa da yamma rana ta yi sanyi, ya bi da ruwa nan take.

Amma babban abin mamakin yana cikin ganyen. A yanka albasa a tsakiya, za a ga zobe cikin zobe. Kowane zobe gindin ganye ne da ya kumbura ya tara abinci. Sabon ganye daga tsakiya yake fitowa, tsofaffin suna matsawa waje, har na farko-farkon su bushe su zama jan ɓawon nan da ke kare sauran. Akwai kuma lokacin da Allah Ya ƙayyade mata: idan yini ya ƙara tsawo, zafi ya fara shigowa, sai ta daina fitar da sabon ganye ta koma yin kai. Ba ta jiran manomi ya shirya. Wadda ta tara ganye da yawa masu ƙarfi kafin wannan lokaci ita ce ke cika hannu, wadda kuwa ta sha ƙishi tana ƙarama haka za ta yi kai da ɗan abin da ta samu. Malaman aikin gona na jami'ar Aliero, wadda aka kafa a 2006, suna gwaje-gwaje a kan tazarar dashe da taki da ban ruwa a gonarsu ta Jega, amma tsohon manomi ma in ya dubi lawashi a tsakiyar hunturu ya san abin da zai haƙo a bazara.

Yaro ma da lokacinsa. Kafin ya cika shekara 5 ƙwaƙwalwarsa ta kai kusan kashi 90 cikin 100 na girman ta babba. Mutane in sun ji wannan sai hankalinsu ya tafi kan karatu da ƙidaya, alhali abin da ake fara ginawa ya riga alif da ba. Jariri ya yi kuka, aka ɗauke shi. Ya yi gwalantu, uwa ta amsa masa da irin muryarsa. Ya firgita da ƙarar babur, ya ji ɗumin bayan da aka goya shi, bugun zuciyarsa ya sauka. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ganye ne. A haka yake koyon cewa idan ya kira za a amsa, kuma tsoro yana zuwa ya wuce. Yaron da aka rarrasa sau da yawa shi ne daga baya yake iya rarrashin kansa, ya jira a zo kansa a layin alawa, ya yi faɗa da abokinsa su shirya kafin magariba.

A shekarun 1970 wani masanin halayyar yara a Amurka, Edward Tronick, ya yi wani gwaji mai sauƙi. Uwa tana wasa da jaririnta, sai a ce ta daskarar da fuskarta na ɗan lokaci, ba murmushi ba magana. Jaririn zai yi mata murmushi, ya miƙa hannu, ya yi ƙara, ya yi duk dabarar da ya sani. In ta ƙi motsi sai ya kau da kai ya fashe da kuka. Ɗan watanni ke nan, wanda ake cewa a kansa, "Ai yaro ne, bai san komai ba."

Saiwar yaro ma gajera ce. Ba zai iya fita neman tausayi a wani gari ba, abin da ya samu a tsakar gida shi ne rabonsa, kuma kaɗan-kaɗan kullum yake so. Uban da ke fita fadama da asuba ya dawo bayan isha'i, bai taɓa ɗora ɗansa a cinya ba, amma ranar Salla ya cika shi da shadda da takalmi, ya malale fangali ne sau ɗaya a shekara. Wahalar nema gaskiya ce, ba wanda zai raina ta. Sai dai tambayar "Me ka yi yau?" da sauraron amsar har ƙarshe ba su cin kuɗin buhu ko ɗaya. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sumbaci jikansa Hasan a gaban Aƙra'u bin Habis, wanda ya ce yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, aka kuwa nuna masa cewa wannan ƙarancin jinƙai ne. Manzon Allah ya kuma kasance yana taƙaita salla idan ya ji kukan yaro, don tausaya wa uwar.

Al'adarmu tana da nata tsarin. Uwa tana kunyar ɗan fari, ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane. A babban gida wannan bai cika cutarwa ba, domin kaka da gwaggo da matan 'yan'uwa suna nan, yaro yana tashi daga wannan cinya ya faɗa waccan. Yanzu ma'aurata da yawa su kaɗai suke zaune a gidan haya. Kunyar ta biyo su, kakar ba ta biyo su ba. Haka yaye: dashe ne, kuma ya kamata a yi shi yadda ake yin dashe, a jiƙa ƙasa tukuna, a rage nono sannu a hankali, wanda za a kai yaron wurinsa ya zama fuskar da ya saba da ita. Balle ɗan shekara biyar da za a ɗora a mota a kai shi wani gari karatu, ba uwa ba yaya. Neman ilimi alheri ne, amma akwai tsiron da bai isa cirewa ba.

Sauran labarin a rudu yake, wato inda ake ajiye albasa. Lokacin girbi albasa tana araha, sai a shimfiɗa ta a kan dandamalin itace da kara, a yi rufin ciyawa, iska na ratsawa, ana jiran ta yi tsada da damina. Bayan watanni a zo dubawa, a ɗauki wata jawur da ita, a matsa wuyanta, sai ruwa mai wari ya fito. Ba a rudu ciwon ya fara ba. Tun a gona ne: an tura mata takin zamani a makare wuyanta ya yi kauri ya ƙi bushewa, ko an ci gaba da ban ruwa har ranar haƙa, ko fartanya ta ƙwarzane ta ba a lura ba. In ba a tsame ta ba kuma sai ta shafa wa na kusa da ita.

Idan ɗan mutumin kirki ya tashi da zafin zuciya ko ya faɗa shaye-shaye, sai a girgiza kai a ce albasa ba ta yi halin ruwa ba. Wani lokaci haka ne, shiriya ta Allah ce, ɗan Annabi Nuhu ma bai shiga jirgi ba. Amma kafin a kai ga wannan hukunci akwai abin tambaya. Kirkin uban da aka sani a masallaci da kasuwa, nawa ne daga cikinsa ya isa ga yaron yana ɗan shekara biyu? Sau nawa ya zo da kuka aka ce masa, "Yi mana shiru, namiji ba ya kuka," ba tare da an tambayi abin da ya same shi ba? Wanda ba a taɓa koya wa faɗin "na ji haushi" da baki ba, da hannu zai faɗe shi. Bayan faɗuwar gwamnatin Romaniya a 1989, duniya ta ga gidajen marayu inda ake ciyar da yara amma ba mai ɗaukarsu ko yi musu magana. Binciken da aka fara a Bukares a 2000 a kan yara 136 ya nuna cewa waɗanda aka mayar hannun iyalai kafin su cika shekara 2 sun fi farfaɗowa, a basira da kuma iya shaƙuwa da mutane. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta sanya kula da ƙananan yara cikin ilimin tushe a Najeriya, amma kafin yaro ya taka ajin share fage, ganye da yawa sun riga sun fito ko sun ƙi fitowa a gida.

A wuri ɗaya ne ɗan Adam ya sha bamban da albasa. Ita in ta fara kai an gama, shi kuwa an bar masa ƙofar gyara, ko da yake tana ƙara nauyi da shekaru. A birnin Kingston na Jamaika, a 1986 da 1987, an ɗauki yara 129 'yan wata 9 zuwa 24 waɗanda rashin abinci ya riga ya tsumburar da su. Wasu aka riƙa ba su madara. Wasu kuma ma'aikatan lafiya na zuwa gidajensu awa ɗaya a mako har shekara biyu, suna nuna wa iyaye mata yadda za su yi wasa da hira da yaran, su yaba musu in sun yi daidai. Bayan shekara 20, waɗanda aka yi wa ziyarar wasan suna samun kuɗin shiga da ya fi na waɗanda ba a ziyarta ba da kusan kashi 25 cikin 100, madarar ita kaɗai kuwa ba ta bar irin wannan tasiri ba. Kayan wasan da aka yi aikin da su na hannu ne, daga robobi da ƙyallaye da kwalaye, irin waɗanda ake sharewa kowace safiya a gidajen Jega da Maiyama.