Hannun Jari: Kyakkyawan Fata ne ko Dogon Buri?



'Yan uwa, akwai wani irin saƙo da ba ya ƙarewa a zaurukan WhatsApp: wai ga wani ƙaramin kamfanin kiran waya ta intanet, hannun jarinsa araha ne yanzu, nan da shekara zai ninka sau goma, wanda ya riga shiga shi zai dara. Idan ka ce a tsaya a bincika, sai a ce ka cika mugun zato, ai mumini da kyakkyawan fata aka san shi. To wannan fatan shi ne wanda addini ya yaba? Kuma wanda ya yaɗa shi, akwai nauyi a wuyansa idan kuɗin mutane suka narke?

Mu fara da abin da ya faru a ƙasar nan. Manyanmu a Kaduna za su tuna Starcomms, kamfanin wayar tebur mara igiya da ɗan abin intanet da ake soka wa kwamfuta. A shekarar 2008 an sayar da hannun jarinsa a kan naira 13 kowane ɗaya, aka tara sama da naira biliyan 60, sannan aka shigar da shi kasuwar hannun jari ta Legas. A lokacin kowa yana cewa harkar waya ba ta faɗuwa, kuma da gaske mutane suna ta sayen layi. Sai dai Starcomms ƙarami ne a gaban manya: yana da masu amfani da shi miliyan biyu da wani abu, MTN kuwa ta haura miliyan ashirin. Layinsa ba ya hawa irin wayar da yawancin mutane ke riƙewa. Kayan aikinsa daga waje ake sayo su da dala, ga naira ta faɗi a ƙarshen shekarar. Cikin 'yan shekaru hannun jarin naira 13 ya koma kobo 50. A 2012 an yi yunƙurin haɗe shi da Multi-Links da MTS don a ceto shi, abin bai yiwu ba. Yau ko layinsa babu.

Ita kanta kasuwar ta kai ƙololuwa a watan Maris na 2008, kafin shekara ta zagayo fiye da rabin darajarta ya zube. Mutane da yawa bashin banki mai kuɗin ruwa suka ci suka sayi hannun jari, jarin ya tafi, bashin ya zauna. Wannan yana cikin abin da ya jijjiga bankuna har gwamnan Babban Banki, Sanusi Lamido Sanusi, ya sauke shugabannin bankuna biyar a watan Agusta na 2009.

Ku lura fa, masu cewa harkar waya za ta bunƙasa ba su yi ƙarya ba, ta bunƙasa. Inda aka zame shi ne ɗaukar cewa tunda harkar za ta yi kyau, kowane kamfani da ke cikinta zai yi kyau. Damina tana iya yin albarka gonar wani ta ƙi.

Imam Gazali a cikin Ihya'u ya bambanta waɗannan abubuwa da misalin manomi. Wanda ya samu ƙasa mai kyau, ya shuka iri mai kyau, ya ba shi ruwa, ya cire ciyawa, sannan ya zauna yana jiran falalar Allah, shi ne mai fata na gaskiya. Wanda ya watsa iri a ƙasar da ba ta fitar da tsiro, bai koma ta kansa ba, yana jiran girbi, wannan ruɗu ne. Malam yana magana ne a kan lahira, amma ma'aunin yana aiki a kasuwa. Fata sai da sababi. Kuma mun san amsar da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ba mai raƙumin nan: ya ɗaure shi tukuna, sannan ya dogara ga Allah.

Kada wani ya ce Malam ya haramta hannun jari. A'a. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta halatta sayen hannun jarin kamfanin da sana'arsa halal ce, domin tarayya ce a riba da asara. Malaman hukumar AAOIFI da ke Bahrain sun ƙara ma'auni: kada bashin kuɗin ruwa ya wuce kashi 30 cikin ɗari na darajar kamfanin, kada kuɗin shiga na haram ya wuce kashi 5, shi ma a fitar da shi. To wanda bai taɓa buɗe rahoton kamfani ba, ta yaya zai san ko ya cika sharuɗɗan? Ka ga binciken da zai tsare maka addini shi ne dai zai tsare maka aljihu.

Yanzu ga wuri mai nauyi. Duk lokacin da kake saye, wani ne yake sayarwa, kuma wataƙila ya fi ka sanin dalili. Sau da yawa mai cika maka kunne da "zai tashi" ya riga ya saya, tashin da yake jira kuɗinka ne. Shari'a ta hana najashi, wato mutum ya riƙa ƙara farashin kaya ba don zai saya ba, sai don ya ruɗi wani. Zuga hannun jarin da kake neman ka sauke wa wasu ɗan uwan wannan ne. Ko da niyyarka mai kyau ce, idan ka tura saƙon da ba ka bincika ba, ka ba da shaida a kan abin da ba ka sani ba. Nan Mahuta da kewaye muna da dattawan da suka yi aiki a matatar mai da masaƙun Kakuri, abin da ya rage musu ɗan kuɗin sallama ne da fansho. Muna da zawarawa masu adashe, da masu keke Napep da ke tara na aure. Ba su karanta rahoto, fuskarka suke karantawa. Idan dattijo ya zuba garatutinsa don ya yarda da kai, cewa "ni ma turo min aka yi" ba za ta wanke ka ba.

Wani zai ce: ai akwai waɗanda suka sayi na MTN a kan naira 169 a ƙarshen 2021, kuma daga baya farashin ya haura haka. Gaskiya ne. Amma ita ma MTN ɗin, duk girmanta, ta yi asara a 2023 da 2024 saboda faɗuwar naira. Sakamako ba shi ke nuna wa ya yi daidai ba. Wanda ya bincika, ya zuba abin da zai iya jure rasawa, sai aka yi asara, bai yi laifi ba, ƙaddara ce ya yi haƙuri. Wanda ya rufe ido ya jefa kuɗin makarantar yara sai ya dace, bai zama mai hikima ba, Allah ne Ya rufa masa asiri.

Don haka kafin ka saya, tambayi: me kamfanin yake sayarwa, su wa ke biyansa? Riba yake ci ko alƙawari? Nawa ake bin sa? Shi da dillalin suna da rajista da hukumar SEC? Kada ka ci bashi don ka saya, kada ka zubar da ruwan tulu don ka ga hadari. Kafin ka tura wa wani kuma, gaya masa idan kana da hannun jari a ciki, ka faɗa masa asara tana yiwuwa. Idan ba za ka iya faɗin waɗannan biyun ba, bar saƙon a wayarka.

Allah Ya azurta mu da halal mai albarka, Ya tsare mu daga cin haƙƙin bayinSa. Wallahu a'alam.